Yadda Ake Sukar Aikin Fasaha Ba Tare da Cin Mutuncin Mai Shi Ba

Marubuci yakan shafe shekara biyu ko uku yana fama da littafi guda, mai shirya fim yakan tara jama'a su yi watanni suna aiki dare da rana, mai zane kuma yakan goge ya sake har idonsa ya gaji, amma wanda zai yanke wa aikin hukunci 'yan mintoci sun ishe shi ya furta kalmar da za ta daɗe tana yi wa mai aikin zafi. Wannan rashin daidaito shi ne dalilin farko da ya sa suka take buƙatar ladabi. Sai dai mutane da yawa sun ɗauki ladabin a karkace, suna ganin mai ladabi shi ne wanda yake rufe aibin aiki, ya yaba abin da bai burge shi ba, don kada a ce ya ɓata wa wani rai. Ni a wurina wannan ma cin amana ne, domin mai aikin zai tafi da kuskurensa bai sani ba, mai karatu ko mai kallo kuma an yaudare shi ya ɓata lokacinsa. Ana iya faɗin gaskiya dukanta game da aiki, komai ɗacinta, kuma mutuncin wanda ya yi shi ya tsira, matuƙar mai sukar ya yarda ya sha wahalar da hakan yake buƙata. Yawancin rashin kunyar da ake gani a cikin suka daga lalaci take fitowa, domin zagi ya fi bayani sauƙi.

Kalmar da Larabawa suke amfani da ita wajen tarken adabi, wato naƙadi, ta samo asali ne daga aikin mai duba tsabar kuɗi, wanda yake jujjuya azurfa a hannunsa don ya ware mai kyau daga jabu. Idon wannan mutum a kan tsabar yake, ba ruwansa da fuskar wanda ya kawo ta. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, hanyoyi ne na tsayar da idon mai suka a kan aikin.

Kafin ka ce komai

Ka gama aikin tukuna. Ka karanta littafin har shafin ƙarshe, ka kalli fim ɗin har a rubuta sunayen ma'aikata, ka saurari waƙar fiye da sau ɗaya. Idan kuma ka gaza gamawa, kana da damar ka faɗi haka, amma sai ka faɗa a fili cewa a shafi na sittin ka tsaya, ka kuma taƙaita hukuncinka a kan abin da ka gani. Mutum ya ce ya ajiye littafi a tsakiya saboda ya gundure shi, wannan shaida ce mai amfani. Ya ce littafin ba shi da ma'ana alhali bai ga inda ya dosa ba, wannan shaidar zur ce.

Ko wanda ya gama ma yana iya ɗora laifi inda ba nan yake ba. A watan Oktoban 1851 aka buga littafin Herman Melville na masu farauta a teku, wanda duniya ta sani da suna Moby-Dick, a birnin Landan, sai bugun ya fita babu ɗan gajeren babin rufewa da yake bayyana yadda mai ba da labarin ya tsira bayan jirgi ya nutse. Wasu masu sharhi a Ingila suka yi ƙorafi cewa ta yaya wanda ya nutse tare da kowa zai dawo ya ba da labari, alhali bugun Amurka da ya fito bayan wata guda yana ɗauke da amsar. Waɗannan mutane sun karanta abin da aka ba su har ƙarshe, amma duk da haka sun tuhumi marubucin da kuskuren da bai yi ba. To, ina ga wanda ya ga tallan fim na minti biyu, ko aka turo masa hoton shafi guda, ya hau yanke hukunci?

Bayan ka gama, ka tambayi kanka abin da mai aikin ya nufa ya yi, sannan ka auna ko ya cim ma nufin nasa, daga baya ka duba ko nufin ya cancanci wahalar da aka sha. Jerin yana da muhimmanci. Wanda ya rubuta labarin ban dariya don ya hutar da mutane bai yi laifi ba idan bai warware matsalolin duniya ba, kuma wanda ya shirya fim mai tafiya a hankali da gangan ba a tuhumarsa da rashin faɗa da guje-guje. Da yawa daga cikin sukar da ake yi, idan aka bi diddiginta, mai sukar yana fushi ne don ba a yi aikin da shi zai yi ba da a ce shi ne. A nan ne kuma ake rarrabe ɗanɗano da aibi. Idan ba ka son labarin soyayya tun asali, rashin jin daɗinka bayani ne a kanka, kuma adalci shi ne ka sanar da mai karatunka wannan tun farko, don ya san da ma'aunin da kake awo. Amma idan jarumar labarin ta rantse ba za ta koma ba a babi na huɗu, sai ga ta ta koma a babi na biyar ba tare da wani abu ya faru da zai sauya mata zuciya ba, wannan aibi ne da kowa zai iya buɗe littafin ya gani, mai son soyayya da maƙiyinta.

Akwai tambaya ta ƙarshe da ba ta da daɗin yi, amma wajibi ce: mene ne tsakaninka da mai aikin? Idan abokin takararka ne, ko kun taɓa saɓawa, ko ya samu yabon da kake ganin kai ka fi cancanta da shi, to ko dai ka bar wa wani sukar, ko ka bayyana alaƙar tun farko. Hassada takan sa rigar kishin fasaha ta fito, kuma mai ita ne na ƙarshen gane ta.

Iyakar da ke tsakanin aiki da mai aiki

A shekarar 1877, John Ruskin, wanda a lokacin babu mai sharhin zane da ake jin maganarsa a Ingila kamarsa, ya ga wani zanen James Whistler na wasan wuta da dare a wani baje koli a Landan, zanen bai yi masa ba. Yana da cikakkiyar damar ya ce zanen bai kammala ba, ko kuma kuɗin da aka sa masa, wato fam 210, ya yi yawa. Maimakon haka sai ya kira mai zanen da sunan mai fankama, ya kwatanta aikin da watsa wa jama'a tukunyar fenti a fuska, ya kuma nuna cewa abin ya yi kusa da yaudara da gangan. Whistler ya kai ƙara yana neman diyyar fam 1,000, aka yi shari'a a watan Nuwamban 1878, masu yanke hukunci suka ba shi gaskiya amma suka yanka masa diyyar rubu'in kwabo kacal, kowa kuma ya biya kuɗin shari'arsa. A 1879 karayar arziki ta sami Whistler, Ruskin ma ya ajiye kujerarsa ta farfesa a Jami'ar Oxford ba da daɗewa ba bayan shari'ar. Zanen yana nan har yau a gidan adana zane-zane na birnin Detroit a Amurka. Abin lura shi ne, akwai muhawara ta gaske a ƙarƙashin rikicin, wato ko darajar zane tana cikin yawan aikin da aka zuba masa ne ko cikin abin da yake sa mai kallo ya ji, amma kalma biyu ko uku na cin mutunci suka mayar da ita rigimar kotu da ta cutar da su duka biyun.

Hanya mafi sauƙi ta kiyaye wannan iyaka ita ce ka duba wanda jimlarka take magana a kansa. Idan ka rubuta cewa babi na uku ya yi tsawo, kana magana ne a kan babi, kuma ana iya gyara babi. Idan ka rubuta cewa marubucin malalaci ne, ka bar littafin ka koma kan mutum, ka kuma faɗi abin da ba ka da hanyar sani, domin wataƙila wannan babin da ya gundure ka shi ne wanda ya sake rubutawa sau goma. Haka nan duk maganar da ta shafi niyya: don kuɗi ya yi, neman suna take yi, ya raina masu kallo. Abin da ke kan takarda ko a allo kana ganinsa, abin da ke cikin zuciya kuwa zato kawai kake yi, kuma zato ba ya zama hujja don an faɗe shi da ƙarfi.

Mafi munin ƙetare iyaka shi ne a koma kan asalin mutum, ko talaucinsa, ko ƙarancin karatunsa, ko jinsinsa, ko surar jikinsa. A 1818 wata mujalla ta birnin Edinbara, Blackwood's, ta yi wa matashin mawaƙi John Keats ba'a saboda ya koyi aikin haɗa magunguna kuma bai fito daga gidan manya ba, ta ba shi shawarar ya koma shago ya ci gaba da harkar ƙwayoyi da man shafawa. Wanda ya rubuta bai ma sa sunansa ba, harafi ɗaya ya sa a madadinsa. Doguwar waƙar da ake suka tana da rauni na gaske, shi kansa Keats ya amsa haka a gabatarwarta, amma ba'ar ba gyaran baitocinsa ta nufa ba, abin da ta ce masa shi ne irinsa ba su da wuri a wannan fage. Ya rasu a birnin Rum a 1821 yana da shekara 25, da ciwon tarin fuka, kuma a yau ana lissafa shi cikin manyan mawaƙan Ingilishi. Darasin ɓoye suna ma yana nan: duk maganar da ba za ka yarda ka sa sunanka a ƙarƙashinta ba, ko ba za ka iya maimaita ta mai aikin yana zaune a gabanka ba, akwai abin da ya kamata ka sake dubawa a cikinta.

Wani zai ce, to idan aikin da kansa yana ɗauke da abin ƙi fa, kamar ya wulaƙanta wasu mutane ko ya ƙawata zalunci? A nan ma ba a ce ka sassauta ba. Ka faɗa ƙarara cewa wannan fitowa ta nuna mutanen nan a matsayin abin dariya, ka kawo wurin, ka bayyana illar da kake gani. Abin da za ka kiyaye shi ne kada ka ɗauki maganar da mugun cikin labari ya yi ka ce ra'ayin marubucin ne, domin labarin da babu mugu a cikinsa ba ya iya nuna mugunta. Zargin satar fasaha kuwa ya fi kowane zargi nauyi, yana iya rushe sana'ar mutum gaba ɗaya, saboda haka kada ka furta shi sai kana riƙe da ayyukan biyu, ka jera su gefe da gefe, ka kuma tabbatar wanne ya riga wanne fitowa. Kama da juna a jigo ba sata ba ce, tun da labarin maraya da na masoyan da aka raba sun girmi duk wani marubuci da ke raye.

Ka nuna wurin

Idan za a tambaye ni abu ɗaya da ya fi raba suka mai ladabi da maras ladabi, zan ce nuna wuri ne. Wanda ya ce fim ɗin shirme ne bai ba kowa komai ba, mai fim bai san abin da zai gyara ba, mai kallo bai san ko abin da ya dami mai sukar zai dame shi ba. Amma wanda ya ce a rabin sa'a na farko an gabatar da mutum takwas ba tare da an nuna abin da ko ɗayansu yake nema ba, shi ya sa lokacin da aka kashe ɗaya daga cikinsu mai kallo bai ji komai ba, wannan ya faɗi magana mai zafi fiye da ta farkon, kuma ya girmama mai fim ɗin, domin ya nuna ya zauna ya kalla da hankalinsa. Mai fasaha na gaske yana iya jure a ce aikinsa ya gaza. Abin da yake ci masa rai shi ne ya gane cewa wanda ya yanke hukuncin bai ma duba ba.

Yana da kyau ka saba da bayyana abin da ya same ka a matsayinka na mai karatu, domin wannan shaida ce da ba mai iya musunta ta. Kana iya cewa, "Malama, a shafi na arba'in na rikice, ban gane ko uwar ce take magana ko 'yar ba, sai da na koma baya sau biyu." Marubuciyar ba za ta ce ba ka rikice ba, kuma ka ba ta takamaiman wurin da za ta duba. Ka kwatanta wannan da a ce mata ba ta iya rubuta hira ba, maganar da za ta sa ta kare kanta maimakon ta buɗe shafin. Haka kuma ka guji kalmomin da suke share komai, irin su ko kaɗan, gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe, sai fa idan da gaske haka abin yake, wanda da wuya ya kasance.

Yabo ma yana buƙatar nuna wuri. Akwai dabarar da ake koya wa mutane ta su fara da yabo, su saka suka a tsakiya, su rufe da yabo, kuma ba na ganin laifinta idan yabon na gaskiya ne. Amma idan an ƙirƙiro shi ne don kawai a tausasa hanya, mai aikin yakan gane, daga nan kuma duk wani yabo da ya ji daga bakinka zai ɗauke shi a matsayin share fagen mari. Ka nemi abin da ya yi kyau da irin ƙwazon da ka nemi aibi, ka faɗi dalilin kyansa, domin mai fasaha yana buƙatar sanin abin da zai riƙe kamar yadda yake buƙatar sanin abin da zai yar. Idan ka duba da gaske ba ka sami abin yabo ba, kada ka ƙaga, ka wadatu da yin bayanin aibin cikin natsuwa. Kada kuma ka juye wa mutum aibi ashirin a lokaci guda. Ka zaɓi biyu ko uku da suka fi girma, waɗanda idan an gyara su ƙanana da yawa za su bi, ka bar kuskuren waƙafi da na harafi zuwa lokacin da ginin labarin ya tsaya.

Aikin da hannu da yawa suka yi

Fim, wasan kwaikwayo da kiɗan ƙungiya ba aikin mutum ɗaya ba ne, saboda haka kafin ka ɗora laifi ka binciki mai shi. A watan Maris na 1897 aka fara gabatar da babban kiɗan simfoni (wato dogon kiɗan da taron makaɗa suke kaɗawa tare) na farko na Sergei Rachmaninoff a birnin San Fitasbag na Rasha, yana ɗan shekara 23. Ba a yi wa kiɗan isasshen gwaji ba, kuma jagoran makaɗan, Alexander Glazunov, bai tafiyar da shi yadda ya kamata ba, amma mawallafin ne ya sha dukan. César Cui, wanda shi ma mawallafin kiɗa ne, ya rubuta sharhi yana kwatanta aikin da annobar da aka saukar wa Masar, yana cewa mazauna wuta ne za su ji daɗinsa. Rachmaninoff ya faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani, ya yi kusan shekara uku bai wallafa wani abin kirki ba, sai da likita Nikolai Dahl ya yi masa magani a 1900 sannan ya dawo aiki. Ba a sake kaɗa wannan simfoni ba har ya rasu a 1943, sai a 1945 aka gabatar da shi a Mosko, masu sauraro suka karɓe shi hannu biyu. Abin da aka ji a daren farko kiɗan ne haɗe da yadda aka kaɗa shi, kuma aikin mai sharhi ne ya yi ƙoƙarin raba biyun.

A zamaninmu 'yan wasa ne suka fi shan wannan zalunci, saboda fuskarsu ake gani. Kelly Marie Tran, 'yar wasan Amurka wadda iyayenta suka fito daga Biyetnam, ta fito a wani fim na jerin Star Wars da aka saki a Disambar 2017, wasu masu kallo ba su so rawar da aka ba ta ba, sai suka shafe watanni suna cin zarafinta a kan launinta da surarta, har a watan Yunin 2018 ta goge duk abin da ta wallafa a Instagram. Ba ita ta rubuta labarin ba, ba ita ta ba da umarni ba. Wanda bai gamsu da yadda aka gina wannan rawa ba yana da abin faɗa a kan rubutun fim ɗin, kuma da can ya kamata ya nufa.

Wannan labari yana tuna mana wani abu da masu suka na da ba su fuskanta ba sosai, wato taron dangi. Maganarka tana iya zama daidai a kan kanta, amma idan ka tarar mutum dubu sun riga sun faɗe ta, ƙara taka ba za ta sanar da mai aikin wani sabon abu ba, nauyi kawai za ta ƙara masa. Kuma akwai bambanci tsakanin ka rubuta sharhinka inda masu neman sharhi za su gani, da ka bi mutum har inda yake ka tura masa don ka tabbatar ya ji zafi.

Wa kake yi wa, kuma a wane mataki?

Aikin da yake hannun mai shi bai fita ba, da aikin da ya riga ya shiga kasuwa, ba suka iri ɗaya suke buƙata ba. A na farko kana yi wa mai aikin hidima ne, kuma wurin maganar tsakaninku ne. A na biyu kana yi wa jama'a hidima, su da za su kashe kuɗinsu da lokacinsu, saboda haka ba ka da damar ɓoye musu gaskiya don kunyar mai aikin. Haka nan wanda ya fito da aikinsa na farko da wanda ya shekara talatin yana cin moriyar suna, ba a yi musu awo da murya ɗaya. Gaskiyar ba ta canzawa, amma babban da ya kawo aikin da bai kai matsayinsa ba zai iya ɗaukar magana mai kaifi, sabon shiga kuwa kaifin da ya wuce kima yana iya sa ya ajiye alƙalami kafin a ga abin da zai iya.

Idan wani ya ba ka aikin da bai kammala ba, fara da tambayarsa irin taimakon da yake so. Akwai tsarin da Liz Lerman, ƙwararriyar mai tsara rawa a Amurka, ta fito da shi a 1990, wanda ya bazu zuwa makarantun fasaha da yawa, kuma na ga hikima a cikinsa. Da farko masu kallo sukan faɗi abin da ya taɓa su ko ya tsaya musu a rai, sannan mai aikin ya yi nasa tambayoyin a amsa masa, sannan su yi masa tambayoyin da babu hukunci a ɓoye a cikinsu, a ƙarshe kuma duk mai ra'ayi ya nemi izini kafin ya faɗa, mai aikin kuma yana da damar ya ce ba yanzu ba. Mataki na uku ya fi wuya, domin mun saba da naɗe hukunci a cikin tambaya. Idan ka ce, "Me ya sa ka ja ƙarshen labarin har ya gundure mu?" ba tambaya ka yi ba, hukunci ka yanke. Idan ka ce, "Me kake son mai karatu ya ji a babi uku na ƙarshe?" ka buɗe masa ƙofa ya yi tunani, kuma sau da yawa a cikin amsarsa shi da kansa zai gano cewa abin da ya nufa bai fito ba.

Ka kuma yi hattara da karɓe aikin daga hannun mai shi. A kamfanin Pixar mai shirya finafinan zane, akwai zaman da ƙwararru suke yi su kalli fim tun yana kan aiki su faɗi aibinsa ba tare da rufa-rufa ba, amma ba su da ikon tilasta wa mai ba da umarni ya bi shawararsu, shi ne zai nemo maganin. Dalilin a fili yake: mai kallo yakan yi daidai idan ya ce ga inda ya ji wani abu bai zauna ba, amma yakan yi kuskure idan ya ce ga yadda za a gyara, saboda bai san sauran ginin kamar mai shi ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma yana zama haka idan mai ba da shawarar ya nace sai an ɗaure kayan yadda shi yake so.

Ba'a, da abin da zai biyo baya

Ban ce sharhi ya zama babu armashi ba, kuma akwai aikin da girman kansa ya cancanci a yi masa dariya. Amma ka lura da kanka lokacin da wata jimla mai kaifi ta zo maka kana jin daɗinta tun kafin ka rubuta. Ka tambayi kanka ko tana bayyana wani abu game da aikin, ko kuwa gwanintarka kawai take nunawa, domin jimlar Cui a kan annobar Masar ta yi kaifi har ana tuna ta bayan shekara fiye da ɗari, amma ba ta koya wa kowa komai game da kiɗan ba. Habaici da gugar zana ma ba su fi zagi tsabta ba, kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma wanda aka yi dominsa ya sani. Idan ka rubuta cikin fushi, ka bar rubutun ya kwana, ka sake karanta shi da safe kana ɗaukar cewa a kan aikinka aka yi shi, ka cire duk abin da ba za ka iya kare shi da misali daga cikin aikin ba.

Bayan sharhin ya fita, mai aikin yana iya mayar da martani cikin zafi. Kada ka biye masa, domin shi abin da ya shekara yana renonsa aka taɓa, kai kuwa ra'ayinka kawai aka taɓa. Ka karanta martanin ka ware hujja daga fushi. Idan bai kawo hujja ba, ka tsaya a kan maganarka, ka maimaita ta sau ɗaya cikin natsuwa idan akwai buƙata, ka bar ta nan. Idan kuma ya nuna maka cewa ka yi kuskure, misali ka ce ba a bayyana dalilin tafiyar jarumin ba alhali yana shafi na goma sha biyu, ka amsa a wurin da ka yi kuskuren, a gaban mutanen da suka karanta shi, ka ambaci shafin, ka kuma faɗi ko wannan ya sauya hukuncinka a kan littafin ko bai sauya ba.